Yadda za a yi wa dattijo rajistar inshorar lafiya a Kano

Tambayar ta yi yawa: ta yaya za a shigar da Baba ko Hajiya shirin lafiya na gwamnati? Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta sa tsofaffi cikin rukunin masu rauni. A Kano, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha (KSCHMA) ce ke kula da rajistar.

1. Nemo takardar NIN ta dattijon. In babu, sai ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tukuna.
2. Duba ranar haihuwar da ke jiki. Nan ake tuntuɓe: da shekarun takarda ake aiki, ba da furfura ba.
3. Je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ka tambayi mai kula da shirin.
4. Tafi da dattijon da kansa, don za a ɗauki hotonsa.
5. Zaɓi asibitin da ya fi kusa da gida. Kada mutumin Fagge ya zaɓi Hotoro. Ciwon dare ba ya jiran adaidaita.
6. Hattara: rajistar masu rauni kyauta ce. Duk wanda ya ce ka ba shi na goro, ƙyale shi.
7. In ciwo ya tashi, fara da asibitin da ka zaɓa. Su za su ba da takardar tura shi babban asibiti, kamar na Murtala.