Ga masu fita hawan keke ranar Asabar

Salam 'yan uwa, don Allah masu zuwa bayan garin Birnin Kebbi a ɗan rage iskar taya kafin a hau hanyar duwatsu, in ta yi tauri ƙwarai keken sai ya dinga tsalle yana zamewa kan tsakuwa, amma kar a rage har rim ya dinga bugun dutse, nan take tif ke fashewa. In an zo gangara ka ja jikinka baya, ka matsa birki biyun a hankali, wallahi damƙe na gaba shi kaɗai ya wurgar da ni wancan satin. A bar tazarar keke 3 tsakani, kuma kowa ya zo da hular kwano, faci da famfo saboda ƙaya. Bayan sallar asuba za mu tashi.