Babi na Shida: Madara da Dankali, Me Kowanne ke Ba Jiki?

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma, uwar 'ya'ya biyar da ke zaune a Tudun Wada, ta taɓa tsayar da darasi da wannan tambaya: "Malam, idan kuɗin cefane ya rage kaɗan a hannuna, ga mai dankali ga mai nono, wanne zan saya wa yara?" Tambayar ba ta amsuwa da kalma ɗaya, domin abincin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi a jiki ba, kuma amsar ta dogara da abin da aka riga aka ɗora a murhu a gidan. Saboda haka aka ware wannan babi domin mu auna su da lissafi, yadda kowane ɗalibi zai iya yanke wa gidansa shawara da kansa.

Da farko mu daidaita sunaye. Madara ita ce wadda aka tatso ba ta yi tsami ba. Idan aka dafa ta aka bar ta ta kwana ta daskare da maiƙonta, ta zama kindirmo. Idan kuma aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da matan Fulani ke shigowa da shi gari a ƙwarya ana dama fura da shi. Dankali kuwa iri biyu muka sani. Akwai dankalin Hausa mai zaƙi, wanda ake nomawa a yankinmu, akwai kuma dankalin Turawa, wanda yake son sanyi, shi ya sa yawancin wanda muke gani a kasuwar Sabon Gari daga Jihar Filato ake kawo shi, daga wurare irin su Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Lissafin da ke tafe na dankalin Turawa ne, sai inda aka ambaci na Hausa da sunansa.

Abin da ke cikin giram 100

Masana abinci suna kwatanta abinci da abinci ta hanyar ɗaukar nauyi iri ɗaya, wato giram 100, wanda ya yi kusan nauyin ƙwan kaza biyu. Giram 1,000 ne kilo ɗaya, miligiram 1,000 kuma shi ne giram ɗaya.

A cikin giram 100 na madarar shanu, kusan giram 88 ruwa ne. Sauran ya ƙunshi furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da gyara jiki, wajen giram 3 da 'yan kai, da maiƙo wajen giram 3 da rabi, da wani sukari na madara kusan giram 5. Ƙarfin da take bayarwa, wanda ake aunawa da kalori, ya ɗan haura 60. A cikin giram 100 na ɗanyen dankali kuwa, ruwa ya kai giram 79, sitaci da danginsa wajen giram 17, furotin giram 2, maiƙo kusan babu, kalori kuma 77. Daga nan za a ga cewa dankali abincin ƙarfi ne, ɗan'uwan masara da dawa da shinkafa da doya, ita kuwa madara ta fi karkata ga ginin jiki. Bambancin furotin ɗin bai tsaya ga yawa kaɗai ba, domin furotin ɗin madara cikakke ne, yana ɗauke da dukkan sassan da jikin yaro ke bukata domin girma, kuma ciki yana narkar da shi cikin sauƙi. Furotin ɗin dankali ma mai kyau ne a cikin na tsirrai, sai dai kaɗan ne, kuma cikin ƙaramin yaro zai cika tun kafin ya ci abin da zai wadatar da shi.

Inda tazara ta fi faɗi shi ne kalsiyam, sinadarin da ƙashi da haƙori ke ginuwa da shi. Giram 100 na madara yana da kusan miligiram 120, na dankali kuwa wajen 12 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin goma. Mu yi lissafin da kofin shayi mai cin giram 250. Kofi ɗaya na madara zai ba da kalsiyam kusan miligiram 300 da furotin giram 8. Wanda yake son ya sami wannan kalsiyam daga dankali sai ya cinye kilo biyu da rabi, abin da ba mai iya yi a zama ɗaya. Baligi yana bukatar kusan miligiram 1,000 a rana, don haka kofi ɗaya ya biya masa kusan sulusin bukatarsa. Haka kuma madara tana da bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, kuma dankali ba shi da shi ko kaɗan, domin daga abincin dabba ake samunsa.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa dankali ya faɗi a wannan awo, domin yana da abin da madara ta rasa. Giram 100 na ɗanyen dankali yana da bitamin C kusan miligiram 20, alhali madarar shanu, musamman bayan an tafasa ta, kusan ba ta da shi. Wannan bitamin ne ke taimaka wa rauni ya warke, yana hana dasashi zubar da jini, yana kuma taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga wake da ganye. Dankali yana da fotasiyam, wani sinadarin da tsoka da zuciya ke bukata, fiye da miligiram 400, kusan ninki uku na abin da ke cikin madara, yana kuma da wani ɓangare da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sauƙaƙa bayan gida, musamman a jikin ɓawonsa. Madara ba ta da wannan sam. Shi kuwa dankalin Hausa mai jan ciki kamar karas yana da wani ƙarin alheri, domin jiki yana juya launin nan zuwa bitamin A mai kare ido, kuma wanda cikinsa fari ne bai kai shi a wannan ba.

Akwai misali a tarihi da ke nuna yadda abincin nan biyu ke rufa wa juna asiri. Asalin dankalin Turawa daga tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, yankin ƙasar Peru ta yau, daga baya aka kai shi Turai. A ƙasar Ayilan, talakawa sun daɗe suna rayuwa a kan dafaffen dankali da tsamin madarar da aka cire wa mai, kwatankwacin nononmu, kuma haɗin ya riƙe su duk da talaucinsu. Amma da cuta ta faɗa wa gonakin dankali a shekarar 1845, yunwa ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya a cikin 'yan shekaru, domin ba su da wani amfanin gona da za su koma gare shi.

Amsar tambayar ɗalibarmu

A yawancin gidajen Zariya, tuwon masara ko na dawa ake ci da dare, da safe a sha koko, da rana a ci ɗumame ko shinkafa. Duk waɗannan sitaci ne. Idan aka kawo dankali a kan wannan, an ƙara sitaci ne a kan sitaci, ko da yake an sami bitamin C. Idan kuwa aka kawo nono ko kindirmo, an kawo furotin da kalsiyam da B12, waɗanda su ne tuwo ya fi ƙaranci a kansu. Saboda haka ra'ayina shi ne, a gidan da akwai hatsi kuma kuɗi na abu ɗaya ne, nono ya fi cancanta, musamman ga yara masu tasowa da mai juna biyu da mai shayarwa, sannan a nemi bitamin C daga tumatir da tattasai da zogale da gwaba da lemo, waɗanda ba su da wuyar samu a lambunan da ke kewaye da mu. A ranar da babu hatsi kuwa, dankali ne zai tsaya a matsayin tuwo, domin kofin madara ba zai riƙe cikin mai aikin ƙarfi har yamma ba. Dukansu biyu ba su da isasshen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, don haka ba su ɗauke wa gida bukatar wake da hanta da ganye ba.

Ga wanda zai zaɓa tsakanin kindirmo da nono, ya san cewa man shanun da aka cire ya tafi da maiƙo da bitamin A, amma furotin da kalsiyam suna nan a cikin nonon. Abin da ke rage masa daraja shi ne ruwan da wasu masu sayarwa ke ƙarawa, domin ludayi ɗaya da aka tsinka da ruwa rabi, rabin amfaninsa ya tafi, kuma idan ruwan ba mai tsabta ba ne ya zo da cuta. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kuwa sukarinta yana da yawa ƙwarai, bai kamata a lissafa ta daidai da madarar da aka tatso ba.

Yadda za a kiyaye amfaninsu

Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga saniya, har da na tarin fuka da na wani zazzaɓi mai daɗewa da ke sa ciwon gaɓoɓi, saboda haka wajibi ne a tafasa ta kafin a sha ko a yi kindirmo da ita. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ake ba shi, kuma madarar shanu ba ta maye gurbinsa. Mutane da yawa suna jin kumburin ciki ko gudawa idan suka sha madara, domin cikinsu ba ya narkar da sukarinta sosai. Irin waɗannan sukan fi samun sauƙi da kindirmo ko nono, saboda tsamin ya riga ya cinye wani kashi na sukarin.

Shi kuwa dankali, yadda aka dafa shi ne ke ƙara masa daraja ko ya rage ta. Bitamin C yana narkewa a ruwa kuma zafi yana lalata shi, don haka wanda ya fere dankali ya yanka ƙanana ya jiƙa a ruwa tun safe, sannan ya dafa ya zubar da ruwan, ya yi asarar kaso mai yawa. Ya fi kyau a wanke shi sosai a dafa da ɓawonsa cikin ruwa kaɗan, ko a yi fatensa yadda za a ci har da romon. Suya kuma tana ninka kalorinsa kusan sau uku ko fiye, saboda man da yake sha. Dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro yana da guba a wurin da ya canja, sai a yanke wurin da zurfi, idan kuma koren ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar da shi gaba ɗaya. Ajiye shi a wuri mai duhu da iska yana hana wannan. Mai ciwon sukari ya rage yawan dankalin da yake ci a zama ɗaya, domin yana ɗaga sukarin jini da sauri, mai ciwon ƙoda kuma ya nemi shawarar likita a kan dankali da madara duka, saboda fotasiyam da sauran sinadaran da ƙodarsa ba ta iya tacewa.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa duk abin da gidansa ya ci a cikin kwana uku, ya ja layi a ƙarƙashin kowane abinci mai sitaci, sannan ya zagaye kowane abinci mai furotin. Bayan haka ya tambayi farashin ludayin nono da na kashin dankali a kasuwar da ta fi kusa da shi, ya rubuta su da lambobi, ya kuma lissafa kofi nawa na madara baligi zai sha kafin ya sami kalsiyam miligiram 900.