Darasi: Yadda Za a Dawo da Kyamarar Laftof Bayan An Canza Babbar Manhaja

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Da yawa daga cikin laftof na gwanjo da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a Birnin Kebbi, Jega da Argungu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi ya sa wasu suka koma Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda nau'o'in babbar manhajar Linux ne. Wasu kuma an sake musu Windows ne a shagon gyara. Ko wanne ne, ƙorafin ɗaya ne: an zo ganawa ta Zoom ko Google Meet, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Kada ku yi gaggawar cewa kyamara ta mutu. Canza manhaja ba ya ƙona kyamara. Galibi ko dai an rufe ta, ko an hana ta izini, ko kuma sabuwar manhajar ba ta da direba, wato ƙaramar manhajar da ke ba ta damar magana da kyamarar. A bi daga waje zuwa ciki, mai sauƙi kafin mai wuya.

A fara da ido da yatsa. Ku duba saman allo daidai inda ƙwayar kyamarar take. Laftof da yawa, musamman Lenovo ThinkPad na baya-bayan nan, suna da ɗan marfi da ake turawa gefe, kuma idan a rufe yake akan ga jan ɗigo. Wasu HP suna da ɗan makunni a gefen jiki. Sai ku duba jeren F1 zuwa F12, ku nemi maɓallin da ke da zanen kyamara, ku danna shi tare da Fn. Idan hoto yana fitowa amma dishi-dishi, wataƙila ƙurar hunturu ce, a goge da ƙyalle mai laushi, busasshe.

Idan nan lafiya lau, a leƙa BIOS, wato shafin saitunan na'ura da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi. Ku kashe na'urar, ku kunna, ku yi ta danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Ku nemi inda aka rubuta Camera, ku tabbatar yana kan Enabled, ku adana ku fita. Wannan matakin ya fi shafar laftof ɗin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje, domin wasu kamfanoni na kashe kyamara tun daga nan. Kada ku taɓa wani abu daban a wurin.

Ga masu Windows, ku shiga Settings, sannan Privacy & security (Privacy a Windows 10), sannan Camera, ku kunna izinin gaba ɗaya da na manhajar da kuke so. Daga nan ku buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke cikin na'urar. Idan kun ga alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku kusa da sunan kyamara, ko wani abu a ƙarƙashin Other devices, galibi matsalar direba ce. Ku juya laftof ɗin ku kwafi lambar samfurinsa, ku sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta duk direbobi lokaci ɗaya, ku guje su, sun fi kawo talla da ƙwayar cuta. A duba kuma sunan Windows ɗin da aka saka: idan yana da harafin N a ƙarshe, sai an ƙara masa Media Feature Pack kafin kyamara ta yi aiki.

A Linux abin ya fi bayyana, domin na'urar za ta faɗa muku gaskiya da kanta. Kyamarar cikin yawancin laftof haɗin USB ce, waya ce kawai ba a gani. Ku buɗe Terminal, tagar da ake rubuta wa na'ura umarni, ku rubuta:

lsusb

Ku nemi layi mai Camera ko Webcam, ko sunan masu ƙera ta irin su Chicony. Sannan ku rubuta:

ls /dev/video*

Idan video0 ya fito, manhaja ta ga kyamara, saura izini. Ku gwada da Cheese, manhajar ɗaukar hoto da kyamara. Idan fuskarku ta fito a can amma ba ta fito a Firefox ko Chrome ba, ku danna alamar da ke gefen adireshin shafi ku ba da izini. Ku rufe Cheese tukuna, domin manhaja biyu ba sa riƙe kyamara ɗaya a lokaci guda.

Idan lsusb ya nuna ta amma babu video0, direban ne bai tashi ba. Sunansa uvcvideo, yana cikin Linux tun 2008, ba sai an sauke shi ba. Ku rubuta:

sudo modprobe uvcvideo

Zai nemi kalmar sirri. Ba za ku ga haruffa suna fitowa ba, haka yake, ku ci gaba ku danna Enter.

Akwai wasu sababbin laftof masu Intel da kyamararsu ba ta bi ta USB ba, tana amfani da tsarin IPU6. Waɗannan ba sa fitowa a lsusb ko da lafiyarsu ƙalau. Maganinsu shi ne sabunta Linux ɗin zuwa sabon fitowa, kuma duk da haka wasu samfura sukan ƙi.

In laftof tsoho ne, kyamara a kunne a BIOS, marfi a buɗe, kuma babu alamarta ko'ina, to zargi ya koma kan siririyar wayar da ta bi ta maƙalin murfi zuwa saman allo. Buɗewa da rufewa na shekaru yakan tsinke ta. Ku lanƙwasa murfin a hankali kuna maimaita lsusb: idan tana bayyana tana ɓacewa, wayar ce. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ku gaya masa abin da kuka gwada don kada ya sake muku manhaja a banza. Idan ganawa ta matso, ku sayi kyamarar waje mai USB wadda aka rubuta UVC a kwalinta, ku soka, Windows da Linux duk za su karɓe ta ba tare da an sauke direba ba.