Yadda Ake Zaɓar Wurin Giraun Kafin A Taɓa Ƙarfin Wutar Madabod

Duk wanda ya ɗan zauna a shagunan gyara na Beirut Road ko Farm Centre ya saba jin maigida yana ce wa yaronsa, "Ɗora baƙin tsinke a giraun." Tsinken na mita ne, na'urar auna wuta da juriya, giraun kuwa shi ne hanyar da wuta ke komawa, inda ake ɗaukar bolt sifiri. Yaro kuwa sai ya dafa duk ƙarfen da ya fi kusa da hannunsa. In ana duba ko wuta na shiga ne kawai, hakan ya wadatar. Amma ranar da za ka ƙara wa furosesa ko RAM ƙarfin wuta da hannunka, inda bambancin bolt 0.05 ke iya raba aiki mai kyau da asara, ba kowane giraun ne zai yi maka ba. Wurin da ya dace da awo daban, wurin da ya dace da liƙa waya daban.

Fara da kashe wuta gaba ɗaya. Zare wayar fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, daga soket, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don kafasitoci, ƙananan kayan da ke ajiye wuta, su juye. Kashe kwamfuta kaɗai bai isa ba, domin wayar nan mai ruwan shunayya a babban fulogi mai ƙafa 24 tana ɗauke da bolt 5 muddin fawa-fak na jone. In lokacin hunturu ne, taɓa ƙarfen akwatin kwamfuta kafin ka taɓa bod, wato madabod, babban faifan da furosesa da RAM ke zaune a kai. Bushewar iskar Kano a Disamba da Janairu tana tara wa jiki wutar da ke kashe ƙananan kaya ba tare da ka ji komai ba.

Na biyu, nemi giraun ɗin da babu tantama a kansa, wanda za ka riƙa gwada sauran da shi. Baƙaƙen wayoyin babban fulogi duk giraun ne: ƙafa ta 3, 5, 7, 15, 17, 18, 19 da 24. Haka zoben ƙarfen da ke kewaye da ramukan sukurun ɗaure bod, da murfin ƙarfen ramin USB. Ramuka huɗu na fankar furosesa kuwa kada ka yarda da su, galibi ba a haɗa su da komai ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Ka juya mita zuwa wurin da take kuka idan wurare biyu na haɗe, ka ɗora baƙin tsinke a zoben sukuru, ka taɓa ƙafar wata kafasita, mita ta yi kuka, ka ce ka samu giraun. Dakata tukuna. Yawancin mitoci suna kuka da zarar juriya, wato yadda hanya ke tare wuta, ta yi ƙasa da om 30 zuwa 50, alhali layin wutar furosesa shi kansa juriyarsa zuwa giraun 'yar kaɗan ce, wani lokaci om ɗaya ko biyu idan furosesa na zaune a mazauninta. Ke nan ƙafafun kafasitar biyu duk za su sa mita kuka. Don haka ka bar sauraron ƙara, ka karanta lamba. Koma awon om mafi ƙanƙanta, ka haɗa tsinkayen biyu da juna ka ga abin da wayoyin mitar kansu ke ci, a ce 0.2. Ƙafar da ta ba ka wannan lambar ita ce giraun. Wadda ta ɗara ko da kaɗan, layin wuta ce. In mitarka ba ta iya rarrabewa, cire furosesa ka sake gwadawa, ratar za ta fito fili.

Akwai wuraren da ke kama da giraun amma ba shi ba ne. MOSFET ƙananan makunnan wuta ne da ke kusa da furosesa. Bayansu, wato faffaɗan ƙarfen da aka liƙa a bod, a wasu bolt 12 ne a kansa, a wasu kuma wuta ce mai hawa da sauka. Ƙafafun koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke kusa da su, su ma ba giraun ba ne. Ƙarfen sanyaya da ke rufe su sau da yawa a sake yake, bai taɓa komai ba.

Mataki na uku shi ne zaɓar giraun na awo, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Giraun ɗin madabod shimfiɗar tagulla ce a cikin bod, kuma tagulla tana da juriya komai ƙanƙantarta. Duk wutar da ta shiga furosesa ta wannan shimfiɗa take komawa. Mu ɗauka furosesa na jan amfiya 100, juriyar hanyar komawa kuma rabin miliom ce kacal, wato om 0.0005. In ka ninka, za ka samu bolt 0.05. Wato idan baƙin tsinkenka yana can gefen bod a zoben sukuru, mita za ta nuna maka 1.30 alhali abin da furosesa ke samu 1.25 ne. Kuma kuskuren ba a tsaye yake ba: kwamfuta na hutawa ya kusan ɓacewa, ka ɗora mata aiki ya kumbura. Sai mai gyara ya ga wuta na hawa a lokacin aiki, ya shiga neman cutar da babu ita.

Maganin shi ne ka auna a bakin mai cin wutar. Juya bod, a bayan mazaunin furosesa za ka ga jerin ƙananan kafasitoci. Zaɓi guda ɗaya da ka tabbatar tana kan layin, jan tsinke a ƙafa ɗaya, baƙi a ɗaya ƙafar ta kafasita guda ɗin nan. Ni ba na son a riƙa tsokana wurin da tsinke alhali wuta na kunne, don hannu na zamewa. Gara ka liƙa siraran wayoyi biyu, ka murɗe su tare kamar igiya, ka fito da su waje inda za ka maƙala mita hankali kwance. Wasu bod masu tsada suna zuwa da wuraren awo da aka rubuta wa suna, har da giraun ɗinsu a gefe. In naka na da su, an hutar da kai. RAM ba ta jan wuta sosai, don haka kuskuren can ƙarami ne, amma ka san lambar da kake tsammani: DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2. DDR5 kuwa mai daidaita wutarta a jikin sandar RAM ɗin yake, ba a bod ba.

Na huɗu, giraun na aikin ƙara wutar kansa, wanda za ka liƙa wa waya. Tsohuwar dabarar ita ce a sa rasista mai juyawa, wadda ake rage ko ƙara juriyarta da hannu, tsakanin giraun da ƙafar FB ta aisi (IC), wato ɗan guntun da ke sarrafa wutar. Ƙafar FB ita ce kunnen aisin, da ita yake jin nawa ya fitar. Kana rage juriya, yana zaton wuta ta yi ƙasa, sai ya ƙara. To tunda kunne ce, duk hayaniyar da ka kai mata za ta ji. Nemo takardar bayanin aisin a intanet ta lambar da ke jikinsa. Idan ta nuna AGND da PGND, ɗauki AGND, shi ne giraun mai natsuwa. PGND hanyar manyan wuta ce. Ƙafar aisi ta cika ƙanƙanta, don haka bi layinta zuwa 'yar kafasitar da ke maƙwabtaka da ita ka liƙa a can. Waya ta zama gajera, kada ta bi ta kan koyil, domin wutar da ke kansa tana kunnawa da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, doguwar waya kuma eriya ce. Jan waya daga FB har zuwa baƙar wayar fawa-fak, don wai can ne giraun na gaskiya, shi ne mafi munin zaɓi. In kuwa takardar ta nuna aisin na karɓar umarni kai tsaye daga furosesa, kamar yawancin bod na yanzu, shawarata ka ajiye dalma ka yi aikinka a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta.

Kafin ka liƙa, auna juriya daga FB zuwa giraun ɗin da ka zaɓa. In ka samu om 1,000, rasista mai 20,000 ta dace: haɗuwarsu za ta ba da kusan 952, ƙarin wajen kashi 5 cikin 100. Juya ta zuwa ƙarshen juriyarta, ka tabbatar da mita, ba da ido ba. Idan ka kunna tana kan sifiri, ka haɗa FB da giraun ke nan, aisin zai tura iya ƙarfinsa. Shi ya sa nake jera mata wata rasista tsayayyiya, ta zama birki.

Saura batun gini. Shaguna da gidaje da yawa a birnin nan soket ɗinsu ba shi da layin ƙasa, ga janareto kuma. Alamar ita ce ka taɓa akwatin kwamfuta ka ji yana ɗan cizo. Wannan ba zai ɓata awon mita mai batir ba, amma ƙarfen liƙi mai yoyon wuta zai iya kashe aisi. Bari ya yi zafi, ka zare shi daga soket, sannan ka taɓa bod, kuma fawa-fak a cire.

Da ka gama, sake auna juriyar FB ka ga ta yi daidai da lissafinka, ka ɗiga gam a kan wayoyin don kada su fizge. Kunna mita na maƙale a bayan furosesa, ka karanta tana hutawa, ka karanta tana aiki. Juya rasista rubu'in zagaye, ka tsaya ka duba zafi kafin ka ƙara. In a watan Afrilu kake wannan aiki, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ka tsaya ƙasa da inda za ka tsaya da hunturu.