Darasi na Tara: Ciwon Raunin Tsoka da Yadda Ake Shan Maganinsa

Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta kawo mata saƙo daga ƙwaƙwalwa. Akwai ciwon da ke tare saƙon a daidai inda jijiya ta haɗu da tsoka. Likitoci suna kiransa mayasteniya. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta lalata mahaɗar. Ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba sammu ba ne.

Mai ciwon yakan tashi da safe garau. Kafin la'asar fatar idonsa ta sauko kamar mai gyangyaɗi, yana ganin abu ɗaya biyu. Ya fara cin tuwo lafiya, loma ta biyar muƙamuƙi ya gaji, murya ta koma ta hanci. In ya huta, ƙarfin ya ɗan dawo. Wanda ya ga haka a gidansa, ya kai mara lafiya wajen likitan jijiyoyi, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne piridostigmin. A kwali za ku ga an rubuta Mestinon, ƙwaya ɗaya miligiram 60. Ba ya warkar da ciwon, saƙon jijiya yake ƙara wa ƙarfi. Yana fara aiki bayan kamar minti 30, ya yi awa 3 zuwa 4 sannan ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa lokacin shansa yake da muhimmanci ƙwarai. A sha shi rabin awa kafin cin abinci, don tauna da haɗiya su zo daidai lokacin da maganin ya kama. A zaunar da mara lafiya sosai, a ba shi abinci mai laushi, ƙananan lomomi. Yawan ƙwaya kuwa likita ne zai faɗa. Idan ta yi yawa, za a ga murɗawar ciki, gudawa, gumi da dalalar miyau, har raunin ma ya ƙaru. Kada a ƙara ƙwaya don an ga jiki ya mutu.

Wasu ana haɗa musu da firednisolon, maganin da ke rage kaifin garkuwar jiki. Ana shansa da safe bayan kari. Yana iya ɗaga sukari da hawan jini, kuma daina shi rana ɗaya haɗari ne, a hankali likita yake rage shi.

Babban abin da ke damunmu shi ne maganin kemis. Zazzaɓi ya zo, a ruga a sayo kwinin ko kulorokwin, ko sifro don taifod, ko a yi allurar jentamaisin. Duk waɗannan suna iya tsananta ciwon har numfashi ya gagara. Mai ciki kuma da ke da ciwon ta sanar da ungozoma tun ranar awon farko, domin allurar maganiziyam da ake yi wa masu jijjiga tana yi mata illa.

Idan numfashi ya yi gajere, ko ruwa yana shaƙe shi, kada a ɗura masa komai. Asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Aikin gida: ku sami ɗan kati, ku roƙi likita ya rubuta sunan ciwon. A ƙasa ku rubuta da hannunku sunan kowace ƙwaya da ƙarfe nawa ake shanta. Katin ya zauna a aljihu, a nuna shi kafin a karɓi kowane magani.