Fitilar Tankin Murjani: Inda Aka Fi Yin Kuskure Wajen Neman Mai Araha

Duk wanda ya kafa ƙaramin tankin ruwan gishiri domin kiwon murjani a Kaduna ya san abin da ya kashe kafin murjani mai rai ya iso hannunsa. Teku ta yi mana nisa, kusan komai sai an yi odarsa daga Legas ko daga waje. Kafin a zo kan fitila aljihu ya yi sauƙi, sai a nemi mai araha. Babu laifi a nan, fitila mai araha tana raya murjani sarai, muddin an san abin da ake nema a jikinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saye da ido. Mutum ya shiga Kasuwar Gumi, a kunna masa farin ƙwai mai kashe ido, ya ce shi ke nan. Murjani dabba ne, amma mafi yawan abincinsa yana fitowa daga wasu ƙwayoyin gansakuka da ke zaune cikin naman jikinsa, su ne ke juya haske ya zama abinci. Hasken da suka fi amfana da shi shuɗi ne, tsakanin nanomita 400 zuwa 500 a ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi, irin wanda ke ratsa ruwan teku ya kai ƙasa. Shi kuwa adadin lumen da ake bugawa a kwali awon abin da idon mutum ke gani ne, idonmu kuma kore da rawaya ya fi ji. Gyaran shi ne a nemi LED da aka yi domin tankin ruwan teku, wadda shuɗayen ƙwayayenta suka fi farare yawa, kuma tana da makunnin rage ƙarfi. In babu wannan makunnin, ni dai ba na ba da shawarar a saya, ko nawa aka rage.

Sai sayen fitila tun ba a yanke wane murjani za a ajiye ba. Ana auna hasken da ke amfanar murjani da ma'aunin PAR. Masu taushin jiki, irin su zowantid da mai siffar naman kaza, PAR 50 zuwa 150 ya ishe su. Masu tauri da rassa irin Acropora suna son 200 zuwa sama, kuma a nan ne fitila mai araha take gazawa. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da masu taushi a tankin da zurfinsa bai wuce santimita 40 ba. Na'urar auna PAR tana da tsada, amma murjanin kansa yana nuna halin da yake ciki: in zowantid ya riƙa miƙa wuya sama, launinsa ya koma ruwan ƙasa, haske ya yi masa kaɗan. In ya tsuke ya ƙi buɗewa, ko ya fara kodewa, ya yi yawa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ƙure sabuwar fitila tun ranar farko. Murjanin da ya kwana a leda cikin duhu a hanya, a sake masa haske gaba ɗaya, kamar a fito da mutum daga ɗaki mai duhu a tsayar da shi a tsakar rana ne. Sai ya fitar da ƙwayoyin da ke ciyar da shi, ya yi fari fat. A fara da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin fitilar, a ajiye murjanin a ƙasan tanki, a riƙa ƙara kamar kashi 5 duk mako.

Zafin garinmu ma yana cikin lissafi. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, in ya daɗe a kusan 30 zai fara kodewa. A Maris da Afrilu ɗaki kaɗai yana kai ruwa can, balle a ɗora masa tsohuwar fitilar halayid ta gwanjo mai zafi, irin wadda aka saba amfani da ita kafin zuwan LED. LED ɗin ma a rataye ta santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa, a sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Ruwan da ya ƙafe a cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Batun wuta kuma, kunna fitila awa 8 zuwa 10 a rana ya isa, a lokaci guda kullum. Agogon kunna fitila mai juyawa yana tsayawa da zarar an ɗauke wuta, lokacinsa ya rikice, don haka a sayi mai batir a ciki. In wuta ta dawo kada a ce za a rama da awa 16. In batirin inbata ya yi ƙasa, a kashe fitila a bar famfon da ke juya ruwan tanki yana aiki: murjani yana jure kwana biyu babu haske, amma ruwan da ya tsaya cak iskarsa tana ƙarewa cikin sa'o'i.

Lokacin hunturu ƙura da feshin gishiri suna taruwa a fuskar fitila su ci haskenta, su toshe mata fanka. A zare ta daga soket duk mako, a goge da tsumma mai ɗan laima, a bari ta bushe kafin a mayar.