Darasi na 9: Dakashi, harawa da allurar awaki

Toh jama'a, darasin yau na masu kiwo ne, kuma da wuya a samu wanda ba shi da ko akuya ɗaya a turke a ajin nan, balle ku iyaye mata da yawancin awakin gida dama naku ne. Zamu yi magana a kan furotin, sinadarin nan na gina jiki. Mutane sun ɗauka aikinsa kawai ya sa dabba ta yi nama, alhali garkuwar da jiki ke yaƙar cuta da ita ma da furotin ake ƙera ta, haka ita kanta ƙwayar cutar jikinta lulluɓe yake da furotin, kuma ta nan masu bincike suka kamo bakin zaren. Ku karanta a hankali, a ƙarshe akwai lissafi da rubutu.

Mu fara da ranar haihuwa. Ɗan akuya, ɗan tunkiya da ɗan maraƙi duk suna faɗowa duniya ne kusan babu garkuwa a jininsu, domin mahaifar waɗannan dabbobi ba ta barin sinadaran garkuwar uwa su tsallaka zuwa ga ɗan da ke ciki. To ina zai samu? A dakashi, nonon farko mai kauri ɗin nan mai ɗan ruwan ɗorawa da yake danƙo a yatsa. Cike yake da furotin na garkuwa da uwar ta tara daga duk cutar da ta taɓa yi ta warke ko aka yi mata allurarta. Abin da masu bincike suka gano shi ne hanjin jaririn dabba a buɗe yake a awannin farko, furotin ɗin na wucewa cikin jini ɗungurungum ba tare da an narkar da shi ba, ya fi shiga sosai cikin awa 6 na farko, daga nan ƙofar na ta tsukewa, kafin awa 24 kusan ta rufe. Bayan nan ko ƙwarya guda ya sha abinci ne kawai, ba zai shiga jini ya zama garkuwa ba.

Shi yasa in akuya ta haihu da tsakar dare cikin sanyi kar a ce bari gari ya waye. A tashi da tocila, a goge hancin ɗan, a ɗan matsa kan nonon a fitar da toshin da ke bakinsa, a kama ɗan a sa masa. In 'yan uku ne a lura da ƙaramin, shi ake turewa kullum. In uwar ta ƙi shi a riƙe ta da ƙarfi ko a tatsa a kofi mai tsafta a ba shi kaɗan kaɗan kar ya shaƙe. Ma'aunin da malaman dabbobi ke bayarwa shi ne kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa a ranar farko. Af, tunda maganar ta zo, masu tatse dakashin mai jego su zubar wai ƙazanta ne, dan Allah a daina, jaririn mutum ma yana buƙatarsa.

Yanzu cutar da ta fi ɗaukar mana awaki, har da tumaki, wadda malaman dabbobi ke kira PPR. Kun san ta ko ba ku san sunan ba: zazzaɓi, ido ya yi kwantsa har ya manne, majina ta bushe a hanci, baki ya yi gyambo yana wari, sai tari, sai zawo, akuya ta tsaya ta sunkuyar da kai gashi a tashe. In ta shiga garken da bai taɓa saninta ba tana iya share mafi yawansa. Ba ta kama mutum. A ƙasar Kwaddebuwa aka fara bayyana ta a 1942, kuma 'yar uwar bushiya ce, annobar shanun nan da kakanninmu ke ba da labari wadda aka sanar an kawar da ita daga duniya a 2011. Ita ma PPR hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun ɗauki aniyar gamawa da ita nan da 2030.

Ƙwayar cutar ƙwayar bairos ce, a bayanta akwai wasu furotin guda biyu da suka fito tsirit tsirit, ɗaya da shi take maƙalewa a jikin ƙwayar halittar dabba, ɗayan da shi take kutsawa ciki. In jikin akuya ya taɓa ganin waɗannan biyun ya ƙera garkuwar da ta dace da su, shikenan, ranar da cutar gaske ta zo za ta tarar an tare hanya. Allurar rigakafi aikinta kenan, ƙwayar cutar ce da ranta amma an raunana ta a ɗakin bincike har ba ta iya kwantar da dabba. Kuma irin da aka fi amfani da shi a Afirka daga wata ƙwaya aka samo shi da aka ɗauka a Najeriya a 1975, shi yasa sunansa Nigeria 75/1. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. Allura ɗaya a ƙarƙashin fata na kare dabba aƙalla shekara 3.

Amma ga inda ake ɓata abin. Furotin ba ya shiri da zafi. Ku dubi ƙwai in aka fasa shi a kasko, farin nan ya daskare, ko me za ka yi ba zai koma ɗanye ba. Haka allurar take in ta sha rana a aljihu ko a bayan babur, a ido ba za ka ga ta canza ba amma ta mutu, ruwa kawai aka tsira wa akuyarka kuma ka biya kuɗi. Saboda haka in mai allura ya zo ba laifi ba ne ka ce malam mu ga akwatin sanyin, akwai ƙanƙara a ciki? In an riga an jiƙa garin allurar da ruwanta to a gama da ita cikin kamar awa 2 kuma a inuwa, ba a ajiye saura sai gobe. Ni a ganina ma ya fi kyau unguwa ta haɗa awakinta wuri ɗaya da sassafe a buɗe kwalba a ƙarar da ita nan take, da a ce mutum ɗaya na yawo gida gida har azahar.

Ba a yi wa dabbar da ta riga ta kwanta, rigakafi ne ba magani ba. Ƙananan da suka sha dakashin uwar da aka yi wa allura kuwa a jira su kai wata 3 zuwa 4, domin garkuwar uwar da ke jininsu za ta kashe allurar kafin ta yi aiki. Allurar LA da ake saye a kasuwa, wadda maganin ƙwayoyin bakteriya ce, ba ta kashe bairos, sai dai ta taimaka wa ciwon huhun da ke biyo baya, wannan kuma malamin dabbobi ne zai faɗa. Akuyar da aka sayo daga kasuwa a ɗaure ta daban sati 3 kafin a haɗa ta da na gida. In kun ga ma'aikata na ɗibar jinin awaki a 'yan kwalabe kar ku tsorata, a ɗakin gwaji suna haɗa jinin ne da furotin na ƙwayar cutar su ga ko akwai garkuwar da za ta kama shi, da haka ake sanin ko allurar da aka yi a gari ta karɓa.

Sai abinci, wanda shi ne kowa ke rainawa. Akuyar da ta wuni tana tauna karan dawa da leda a bola da me za ta ƙera garkuwa, da me za ta haɗa dakashi mai kauri? Busasshen kara da ciyawar rani furotin ɗinsu bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, alhali ƙananan halittun da ke cikin tumbi masu narkar da ciyawa sai sun samu wajen kashi 7 suke aiki yadda ya kamata. Harawar wake da ta gyaɗa in an adana su da ganyensu a inuwa sukan haura kashi 10, tunkuzar gyaɗa kuwa ta wuce 40, ga angurya, ga 'ya'yan gawo da ke zuba a rani kyauta. Ba sai da yawa ba, ɗan dunƙule safe da yamma ga mai ciki a wata ɗaya da rabi na ƙarshe, lokacin ne ɗan ke girma da sauri. Sai dai tunkuzar da ta yi fumfuna a zubar, guba ce. In kuma kun ga ƙarƙashin haɓar dabba ya kumbura ya yi taushi, ka danna da yatsa ya lotsa, ka buɗe fatar ido ka ga ta yi fari fat, to furotin ɗin jininta ne ya yi ƙasa, yawanci tsutsar ciki ko ta hanta ce ke shanye jinin, a nemi maganin tsutsa sannan a gyara ci.

Aikin aji. Ɗan akuya mai nauyin kilo 2, wato giram 2,000, dakashi nawa zai sha a ranar farko in an bi kashi 10 cikin 100? A ce kwalbar allura ɗaya ta dabba 50 ce, unguwarku na da awaki 85 da tumaki 40, kwalba nawa za a buɗe, kuma allurar dabba nawa za ta rage?

Aikin gida, kowa ya ja layi uku a littafinsa ya rubuta sunan akuya ko kalarta, watan da ta haihu, da ranar da aka yi mata allura in an taɓa yi. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya sa yaro ya riƙe masa littafin amma shi zai rubuta da kansa, a zo da shi zama na gaba.